A wasan kurket, wane ne zakaran duniya na gaskiya, kuma wane kofi ne ya fi daraja?

Mai Gidan Kallo, Fagge

Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a Fagge wanda na shafe shekaru ina gudanarwa, kuma a harkar ƙwallon ƙafa ba sai an yi mini dogon bayani ba, domin na san matsayin Kofin Duniya da na Kofin Nahiyar Afirka, na kuma san bambancin Firimiya da Gasar Zakarun Turai. To amma tun wajen shekara biyu da suka wuce wasu 'yan Indiya biyu da wani ɗan Pakistan da ke aiki a masana'antun Bompai suka fara zuwa suna roƙon in kunna musu wasan kurket a ƙaramar talabijin ɗin da ke lungu, suna biyan kuɗin benci guda ba tare da ciniki ba. Sannu a hankali wasu samarin unguwa da suka yi karatu a Indiya suka bi sahunsu, har ta kai ina tunanin ware wa wasan allo a bakin ƙofa, irin wanda nake rubuta wasannin mako da alli.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan kofunan. A watan Nuwamban 2023 aka ce Ostareliya ta ɗauki Kofin Duniya, 'yan Indiyan nan suka fita ko sallama babu. A watan Yunin 2024 kuma suka zo da alewa suna rabawa, wai Indiya ta ɗauki Kofin Duniya. Ban gama fahimtar wannan ba sai ga wani kofin a watan Maris na 2025, shi ma Indiya, sannan a watan Yunin shekarar aka ce Afirka ta Kudu ce ta zama zakarar duniya, aka nuno kyaftin ɗinsu riƙe da wata sanda maimakon kofi. Ke nan cikin ƙasa da shekara biyu na ga an naɗa sarauta sau huɗu a gari ɗaya. Ga kuma wata gasa mai suna IPL wadda a lokacinta suka fi zumuɗi, ga wata da ake kira Ashes wadda wani dattijo ya ce mini ita ce uwar duka.

Don Allah masana su warware mini: wane kofi ne daidai da Kofin Duniya na ƙwallon ƙafa, wace gasa ce daidai da Firimiya, kuma ina Najeriya ta tsaya a cikin wannan lamari? Ina tambaya ne saboda kuɗin tashoshin da na man janareta ba wasa ba ne, ba na son in sa kuɗi a gasar da babu mai zuwa kallo.

Tsohon Malami, Gwale

Wa alaikumus salam, ɗana. Matambayi ba ya ɓata, kuma rikicewar da ka yi ba laifinka ba ne, domin ka ɗauko ma'aunin ƙwallon ƙafa ne ka auna abin da ba a gina shi a kan wannan tsari ba. Ƙwallon ƙafa wasa ɗaya ne na minti 90 ko'ina aka je, amma kurket wasanni uku ne da suke amsa suna ɗaya, kuma kowannensu yana da nasa rawanin. Ana lissafin tsawon wasa ne da abin da zan kira zubi, wato jifa shida a jere daga hannun mai jifa ɗaya. Akwai wasan T20, wanda kowane ɓangare ke samun zubi 20, a gama cikin awa uku da ɗan abu. Akwai wasan yini ɗaya, mai zubi 50 ga kowane ɓangare, wanda yake cinye kusan awa takwas. Sannan akwai wasan Tes, wanda ake ba shi kwana biyar, kowace ƙungiya ta shiga bugu sau biyu, kuma idan kwanakin suka ƙare ba a gama ba sai a tashi canjaras, ko da ɗaya ta yi wa ɗaya nisa a maki.

Kofin da Ostareliya ta ɗauka a 2023 na wasan yini ɗaya ne, kuma idan dole sai an nemo wa Kofin Duniya na ƙwallon ƙafa takwara, to shi ne, saboda shi ne mafi tsufa a ɓangaren maza kuma duk bayan shekara huɗu ake yin sa. An fara shi a Ingila a 1975, ƙungiyar West Indies, wadda haɗakar ƙasashen yankin Karebiyan ce, ta ɗauka a ƙarƙashin Clive Lloyd, ta sake ɗauka a 1979. A 1983 ne Indiya, wadda babu wanda ya sa ta a lissafi, ta ci maki 183 kacal a wasan ƙarshe a filin Lord's na Landan, amma ta fitar da masu bugun West Indies duka a kan maki 140, kuma da yawan masu bin wasan suna ganin daga ranar da Kapil Dev ya ɗaga wannan kofi ne akalar kurket ta fara karkata zuwa Indiya. Pakistan ta ɗauka a 1992 a hannun Imran Khan, wanda daga baya ya zama firaministan ƙasar, Siri Lanka kuma a 1996. Dalilin da ya sa baƙinka suka fita babu sallama a 2023 shi ne, a gidansu aka yi gasar, sun ci wasa goma a jere ba a doke su ba, sannan a wasan ƙarshe a Ahmedabad, a filin da ya fi kowane filin kurket girma a duniya, Travis Head ya ci maki 137 shi kaɗai, Ostareliya ta tafi da kofinta na shida.

Alewar 2024 kuwa ta Kofin Duniya na T20 ce, wanda aka fara a 2007 a Afirka ta Kudu, kuma yanzu kusan duk shekara biyu ake yin sa. A wasan ƙarshe a Barbados, Afirka ta Kudu tana bukatar maki 30 daga jifa 30, abin da a irin wannan wasa ake ɗauka kamar an riga an gama, amma ta sha kashi da maki 7. Na watan Maris na 2025 shi ne Champions Trophy, ƙaramar gasa ce ta wasan yini ɗaya da ƙasashe takwas ke bugawa cikin mako uku, kuma ni ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci sosai ba, domin an sha dakatar da ita ana dawo da ita. Tsakanin 2017 da 2025 ba a yi ta ba ko sau ɗaya.

Sandar da ka gani a hannun Temba Bavuma ita ce ta gasar duniya ta wasan Tes, kuma a nan ne zan ɗan tsaya, domin a wurina wannan ita ce sarautar da ta fi wuyar samu. Ƙasashe tara ne suke bugawa tsawon shekara biyu, kowace ta yi jerin wasanni shida, uku a gida uku a waje, sannan biyun da suka fi samun kaso mai yawa na maki su haɗu a wasan ƙarshe guda ɗaya. New Zealand ta ɗauki na farko a 2021, Ostareliya a 2023, dukkansu a kan Indiya. A 2025 aka bar wa Afirka ta Kudu maki 282 ta bi a shigarta ta ƙarshe a Lord's, Aiden Markram ya ci 136, Bavuma kuma ya ci gaba da bugu yana ɗingishi bayan jijiyar cinyarsa ta motsa. Wannan ne babban kofi na farko da mazan ƙasar suka ɗauka daga hukumar kurket ta duniya, ICC, tun 1998, bayan shekaru ana yi musu gorin cewa ba sa iya ƙarasa abin da suka fara. A wasan T20 mutum ɗaya zai iya yin sa'a ta rabin awa ya juya wasa, amma a kwana biyar filin da kansa yana canzawa, ƙasar ta tsattsage, ƙwallon ta tsufa, a dawo da sabuwa bayan zubi 80, kuma duk wani rauni da ƙungiya take ɓoyewa sai ya fito fili. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce, a lokaci guda za a iya samun zakarun duniya uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ɗan Kwari

Baba Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya, amma da izininsa zan ɗan saɓa masa, domin mai tambaya ɗan kasuwa ne, kuma tambayarsa ta ƙarshe a kan man janareta take. Ni na yi shekara huɗu ina karatu a Indiya kafin in dawo shagon yadi na gidanmu, kuma abin da na gani da idona shi ne, wasan Tes dattawa ne suke bin sa a rediyo da jarida, amma idan watan Afrilu ya kama, mai shayi da direban keke mai ƙafa uku da malamin jami'a duk IPL suke magana. Yallaɓai, idan kana neman abin da zai cika maka benci, ita ce.

IPL gasar T20 ce ta ƙungiyoyin biranen Indiya. An fara ta a 2008, Rajasthan Royals ta ɗauki kofin farko a ƙarƙashin marigayi Shane Warne na Ostareliya. Ƙungiyoyi goma ne yanzu, ana gamawa cikin kusan wata biyu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Mayu, kusan kullum da wasa. Mumbai Indians da Chennai Super Kings kowacce ta ɗauka sau biyar, ita kuwa Royal Challengers ta Bengaluru, ƙungiyar fitaccen ɗan wasan Indiya Virat Kohli, sai a 2025 ta samu na farko bayan shekara 17 tana jira, kuma ina tabbatar maka da cewa ko a Kano akwai waɗanda suka yi hawaye a wannan dare. Sai dai kada ka kira ta Firimiya kai tsaye, saboda babu faɗuwa ƙasa babu hawowa. Ƙungiyoyin mallakin attajirai da kamfanoni ne waɗanda suka sayi gurbin birni, kuma 'yan wasa gwanjonsu ake yi a zaure ɗaya, kamar yadda muke taya dila a kasuwa, kowace ƙungiya da iyakar kuɗin da aka yarda ta kashe. Gwanjon watan Nuwamban 2024 ma a Jidda aka yi shi, inda ƙungiyar Lucknow ta sayi Rishabh Pant a kan rupi miliyan 270 na kaka ɗaya. Haƙƙin nuna gasar na shekara biyar, daga 2023 zuwa 2027, an sayar da shi sama da dala biliyan shida. Ba a yarda ƙungiya ta sa baƙi fiye da huɗu cikin 'yan wasa 11 ba, wanda hakan ne ya sa yaran Indiya daga ƙananan garuruwa suke samun hanyar fitowa.

Abokin cinikinka ɗan Pakistan kuwa, ka lura da kyau, zai kalli IPL amma ba da zuciya ɗaya ba, domin tun bayan kakar 2008 ba a sake ɗaukar 'yan wasan ƙasarsa a gasar ba saboda rikicin siyasar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Tasu gasar ita ce PSL, wadda aka fara a 2016. Ostareliya tana da Big Bash, Karebiyan suna da CPL, Afirka ta Kudu ta fara SA20 a 2023, kuma duka ƙungiyoyinta shida masu ƙungiyoyin IPL ne suka mallake su, abin da ya isa ya nuna maka inda kuɗin yake fitowa.

Ga abin da ya fi shafar allonka. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, don haka wasan da ake farawa ƙarfe bakwai da rabi na dare a can, ƙarfe uku na rana ne a Kano, a gama kafin isha'i. A ranakun aiki wannan lokaci ne da gidan kallo yake zaune babu kowa, ke nan riba ce a kan lokacin da dama asara ne. Matsalar Asabar ce kawai, saboda a watan Afrilu da Mayu agogon Ingila daidai yake da namu, wasannin Firimiya na ƙarfe uku sai su ci karo da shi. Ranar da kuwa duk aka ce Indiya da Pakistan za su haɗu, a Kofin Duniya ne ko a Kofin Asiya, ka aro benci daga maƙwabta tun da safe, domin rabon da su yi jerin wasanni a tsakaninsu su biyu tun kakar 2012 zuwa 2013, sai dai gasa ta haɗa su.

Malamar Wasanni, Tarauni

Ina gaida Baba Malam da sauran 'yan'uwa. Na ga har yanzu ba a taɓa tambaya ta uku ba, wato matsayin Najeriya, kuma ba a ambaci mata ba, alhali a kurket mata ne suka riga maza yin Kofin Duniya: an yi nasu a Ingila a 1973, shekara biyu kafin na maza. Ostareliya ta ɗauke shi sau bakwai, Indiya kuma ta samu nata na farko a watan Nuwamban 2025 bayan ta doke Afirka ta Kudu.

Hukumar ICC ta raba ƙasashe gida biyu. Akwai cikakkun mambobi 12, waɗanda su kaɗai ne aka yarda su buga wasan Tes, kuma biyu ne daga nahiyarmu, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Sauran ƙasashe, ciki har da Najeriya wadda ta samu nata gurbin a 2002, mambobi ne na mataki na biyu, don haka maganar sandar da Baba Malam ya yaba ba ta ma taso mana ba. Kofin yini ɗaya shi ma ƙofarsa a ƙuntace take, ƙasashe goma kawai aka bari suka buga a 2019 da 2023, ko da yake za a mayar da su 14 a 2027, lokacin da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya za su karɓi baƙunci. Ƙofar da take buɗe mana da gaske ita ce T20, wadda aka faɗaɗa Kofin Duniyarta zuwa ƙasashe 20 a 2024. A wasannin share fage na Afirka da aka yi a Namibiya a ƙarshen 2023, mazanmu suna cikin ƙasashe bakwai da suka fafata, kuma a nan ne Yuganda ta ba da mamaki ta tsallake ta bar Zimbabuwe a gida. Kafin wannan, Kenya ta taɓa kaiwa wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2003.

Abin alfaharinmu ya fi fitowa daga yara da mata. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je Kofin Duniya na 2020 a Afirka ta Kudu, aka jefa su rukuni ɗaya da Ostareliya da Ingila da West Indies, suka sha wuya ƙwarai, amma sun doke Japan kafin su dawo. Matanmu sun ɗauki lambar tagulla a Wasannin Afirka da aka yi a Akara a watan Maris na 2024. Sai kuma watan Janairun 2025 a Malesiya, inda 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki 2 a wasan da ruwan sama ya rage shi zuwa zubi 13. Mun ci 65, suka tsaya a 63. Washegari na nuna wa ɗalibaina 'yan mintocin ƙarshen wasan a wayata lokacin tara, su wajen ashirin sun dafe kai a kan allo ɗan tafin hannu, kuma wata yarinya da kullum take ɓuya a bayan aji idan an fita filin wasa ta zo ta tambaye ni ko ana bugawa da hijabi. Na ce mata ai wando dogo da riga mai dogon hannu ne kayan wasan tun asali. Mu a makarantarmu kujerar roba muke kifawa a matsayin sandunan da ake karewa, ƙwallon tanis kuma mu naɗe ta da salatif don ta yi nauyi, saboda kayan da aka yi mana alkawari tun bara har yau muna jira.

Saboda haka, Malam mai gidan kallo, ina roƙon idan ka buɗe allon, ka bar layi ɗaya na ƙasa don wasannin Najeriya, ko da na share fage ne, waɗanda galibi a intanet ake nuna su. Kurket zai dawo gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, karo na farko tun 1900, kuma da tsarin T20 za a buga shi, maza da mata.

Mai Gidan Kallo, Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu na gane cewa rawani uku ne, kuma na rubuta lissafin lokacin da Ɗan Kwari ya bayar a bayan littafin bashi. Malama, na karɓi shawararki, layin ƙasa na Najeriya ne. Saura abu ɗaya, Baba Malam: ba ka ce komai ba a kan Ashes, kuma da na nemi hoton kofin sai na ga wani ɗan tulu wanda bai kai kwalbar turare ba. Shin wasa ake yi mini, ko kuwa da gaske a kan wannan abu manyan ƙasashe biyu suke fafatawa? Sannan idan IPL ba ita ce Firimiya ba, a ina masu buga wasan kwana biyar suke koyon sana'arsu?

Tsohon Malami, Gwale

Ba wasa ake yi maka ba, ɗana, tulun ke nan, na yumɓu ne, kuma tsawonsa bai wuce santimita 11 ba. Ingila da Ostareliya su ne suka buga wasan Tes na farko a tarihi, a Melbourne a 1877. A 1882 Ostareliya ta je har filin Oval na Landan ta doke Ingila da maki 7, sai wata jaridar wasanni ta buga sanarwar rasuwa ta zolaya, cewa kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostareliya; ma'anar sunan gasar ke nan, toka. Da kyaftin ɗin Ingila Ivo Bligh ya kai ƙungiyarsa can a ƙarshen shekarar da alkawarin dawo da tokar, sai wasu matan Melbourne suka ba shi wannan ɗan tulu, ana cewa tokar ɗan guntun katakon da ake ɗorawa a kan sandunan ce a ciki, kuma ɗaya daga cikin matan ya aura daga baya. Bayan rasuwarsa a 1927 matar ta miƙa shi ga kulob ɗin da ke da filin Lord's, inda yake ajiye a gidan tarihi ko wa ya ci, wanda ya yi nasara kuma a ba shi na gilashi ya ɗaga. Wasan Tes biyar ake bugawa, wannan karo a Ingila wancan a Ostareliya, kuma idan aka yi kunnen doki mai riƙe da tokar ne yake ci gaba da riƙewa, kamar yadda ya faru a 2019 da 2023, duka biyu da biyu aka tashi, Ostareliya ta riƙe abinta. Irin wannan kofi na tsakanin ƙasashe biyu yana da yawa a kurket, kuma baƙinka za su fi damuwa da na Border da Gavaskar, wanda Indiya da Ostareliya suke takara a kansa tun 1996.

Makarantar wasan Tes kuwa ita ce gasannin cikin gida na kwana huɗu, waɗanda ba su da kiɗa ba su da gwanjo, wani lokaci ma 'yan kallo ba su fi 'yan wasa yawa ba. A Ingila akwai gasar gundumomi 18 wadda aka tsara a hukumance tun 1890, kuma ita ce ta fi kama da Firimiya a tsari, tunda rukuni biyu ce, ana hawa ana faɗuwa. A Ostareliya akwai garkuwar Sheffield ta jihohi shida, wadda aka fara a kakar 1892 zuwa 1893 da kyautar fam 150 da wani basaraken Ingila ya bayar. A Indiya akwai kofin Ranji tun 1934, mai ƙungiyoyi 38, wanda aka sa wa sunan wani yariman Indiya da ya buga wa Ingila. Mumbai ta ɗauke shi sau 42, a ciki har da sau 15 a jere daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1970. Pakistan tana da kofin Quaid-e-Azam.

Ɗan Kwari ya faɗi gaskiya a kan benci, ban musa masa ba, kuma ni ma ina kallon IPL idan jikoki suka kunna. Inda na tsaya shi ne, Kohli da yake yabo a kofin Ranji ya fara, yana buga wa Delhi, kuma abin da yake damuna shi ne yadda wasu 'yan wasan West Indies da na wasu ƙasashe marasa kuɗi suke ajiye rigar ƙasa tun da ƙarfinsu don su bi gasannin T20 daga wannan nahiya zuwa waccan. A farkon 2024 Afirka ta Kudu da kanta ta tura ƙungiyar sababbin hannu zuwa New Zealand buga wasan Tes biyu saboda manyan 'yan wasanta suna SA20, ta kuma sha kashi a duka biyun.

Game da allonka, kada ka ƙona mai a kan Ashes idan a Ostareliya ake yi, domin wasan Melbourne na ranar 26 ga Disamba ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare yake farawa a agogonmu, a tsakiyar sanyin hunturu. Idan a Ingila ne, ƙarfe goma sha ɗaya na safe ake farawa, a tafi hutun cin abinci ƙarfe ɗaya, a tashi wajen ƙarfe shida, kuma na gaba a can a 2027 ne. Idan Allah ya kai mu, ka ajiye mini kujera mai jingina kusa da ƙofa, zan zo da goro da kuɗin kwana biyar.